Motar Auta da Idon Kawu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida Inna, da fatan ciwon ƙafarta ya yi sauƙi.

Kawu, na yi abin da ka daɗe kana yi mini tsiya a kansa, na sayi mota. Ta hannu ce, mai shan dizal, ta kai shekara goma sha biyar. Ka san asibiti sun ƙara mini ƙauyuka shida da nake zuwa awon ciki, babur kuma ya gama da bayana. Maigidana ya ce wahala na saya da kuɗina. Da safe sai na murza makulli sau uku kafin ta tashi, tana tari tana fitar da farin hayaƙi. In ta yi zafi kuwa, lafiya lau. Bakaniken layinmu ya ce a sauke inji. Don Allah ka zo ka duba ta kafin in bari a taɓa.

'Yarka, Auta

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Innarki tana amsawa.

Ki ce wa bakaniken nan ya sauke hularsa, ba injin ba. Motar dizal jaki ce, ba ta da gudu, ba ta da kyan murya, amma in kin ba ta haƙƙinta sai ta binne motocin fetur uku. Tarin safe ba ciwo ba ne. In kin murza makulli rabi, ki jira fitilar hita mai ɗumama inji ta mutu tukuna, sannan ki tayar. Ku 'yan boko komai gaggawa. A yi mata juyen baƙin mai a gabanki, ki ga galan ɗin a rufe da idonki. A ƙarƙashin filtar mai akwai ɗan famfo, ki riƙa kwance shi duk mako ruwan da ya taru ya zube. Kada ki sha mai a jarka bakin hanya, kada kuma ki bar tanki ya ƙafe, don in ta shaƙi iska sai kin yi kuka.

Zuwa kam ba yanzu ba, aiki ya yi mini yawa a gareji. Ki dai rubuto mini irin ƙarar da take yi, ni da kunne nake gyara.

Kawunki

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Allah ya ƙara girma.

An canza hita biyu da suka ƙone, yanzu bugu ɗaya take tashi. Ranar Talata ta mutu mini a kan tudu, ga mai naƙuda a baya zan kai ta babban asibiti. Na buɗe bonet, na tuna ban zubar da ruwan filta ba tun makon jiya. Na kwance famfon, na danna fam ɗin hannu har ya yi tauri kamar yadda nake ganin kana yi muna yara, ta tashi. Matar ta haifi 'ya mace, suna lafiya. Maigidana yanzu shi ke wanke motar ranar Asabar.

Amma Kawu, akwai abin da ya tsaya mini. Rubutunka na wancan karo yana hawa kan layi yana sauka, wasu kalmomin a kan wasu. Kuma direban motar magani da ke bi ta wajenku ya ce mako uku ke nan yana ganin garejinka a kulle. Wane aiki ne ya yi maka yawa?

'Yarka, Auta

Zuwa ga Auta,

'Yata, sallama da fatan alheri. Ni ce Innarki. Wasiƙarki ni na karanta masa, kamar sauran, sai ya ce in ajiye, ba zai amsa ba. To ni zan amsa, ya yi fushin in ya ga dama.

Kawunki ba ya gani sosai. Yanar ido ce ta rufe masa duka biyun, tun bara take ƙaruwa. Da laluben hannu yake aiki, ba wanda ya gane, har ranar da ya zuba man birki inda ba a zubawa a motar wani tsohon abokin cinikinsa. Ranar Kawunki ya dawo gida ya rataye makullin gareji a ƙusa, bai sake taɓa shi ba. Yini yake a kan benci a ƙofar gida, in mota ta wuce ya ce wannan bawul ɗinta ya saki, waccan salansarta ta fashe. Likita ya ce aikin ba wuya, a asibitin ido na babban gari ake yi, tafiyar awa biyar. Ya ce shi ba mai sa masa wuƙa a ido. Na yi lallashi, na yi faɗa. Ke yake jin kunya, ki san abin yi.

Innarki

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi.

Motar ta fara wata ƙara in na wuce giya ta huɗu, ban iya kwatanta ta a takarda ba. Ba ta yin ta sai a doguwar hanya. Na ɗauki hutun kwana huɗu. Zan iso ranar Lahadi, ranar Litinin da safe mu hau titi kai da Inna, ka saurara mini. Ka sa kaya kala biyu a jaka.

'Yarka, Auta

Zuwa ga Auta,

Ina amsawa. Innarki ke rubutawa, ni nake faɗa, tunda kun riga kun haɗa baki.

Shekara arba'in ina jin ƙaryar masu mota, taki ce mafi rauni. Ƙarar da ke bukatar kaya kala biyu ban taɓa jin ta ba. Na san inda titin nan ya nufa.

Tsoro nake ji, Auta, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Yanzu ina ganin haske da inuwar mutane. In aka taɓa aka ɓata, shi ma ya tafi. Na sha buɗe injin da yake tafiya da ɗingishi, na rufe shi bai sake tashi ba. Amma na kuma san abin da nake gaya wa masu mota in sun ce a bari sai ta tsaya gaba ɗaya.

Ki zo. Ki duba ruwan lagireto da iskar safaya kafin ki taso, ki cika tanki a gidan mai na kirki. Ban yi alkawarin shiga ɗakin likita ba. Na dai yarda in shiga motar.

Kawunki

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Wannan da hannuna na rubuta, ki duba layin.

Da kin tsaya kwana ɗaya da kin ga an cire bandejin. Idon dama ya buɗe tar. Na hagu sai bayan wata uku, na ce musu zan dawo, ke za ki kai ni. Motarki ta kai mu ba ta yi ko tari ba, sai dai hannunki yana da nauyi a kan giya. Jiya na buɗe gareji na share, ƙura har gwiwa.

Na zauna na kalli Innarki da kyau da safen nan tana shanya. Ashe ta yi furfura haka ban sani ba. Ta yi mata kyau. Kada ki gaya mata na faɗa.

Ki gaida maigidanki.

Kawunki