Shida Ce Ta Fito, Na Ce Ɗaya

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ina roƙo a karanta har ƙarshe kafin a yanke min hukunci, don na san wasu za su ce mace da girmanta ta zo tana tayar da hankalin jama'a a kan wasa. Ni dai sati uku ke nan na kasa zaune na kasa tsaye.

Ni malamar makaranta ce a Funtuwa. Akwai wani wasa da na koyo a wajen bautar ƙasa. Ana zama a kewaye tebur, kowa ya ƙirƙiri mutum ɗaya, ya rubuta sunansa da halinsa a takarda, ya riƙa magana da yawunsa. Ni ce mai jan labarin, ni ke faɗin garin da aka shiga da abin da aka tarar. In abu ya zo na sa'a, sai in jefa dayis irin na ludo a bayan faifai, in faɗi abin da ya fito, kowa ya yarda da maganata. Duk Asabar bayan La'asar muke yi a tsakar gidana, mu huɗu: ni, da ƙanwata Safiya, da ƙawata Ngozi wadda aka haifa a garin nan, tana da shagon maganin feshi, sai maƙwabciyata Anti Hinde.

Anti Hinde daga Maska ta dawo unguwarmu bayan ta fita takaba. Sai ki wuni da ita ba ki ji kalma goma ba. Ni na ja ta cikin wasan don tausayi. Safiya da Ngozi mayaƙa suka zaɓa, masu takobi da kwari da baka. Ita kuwa ta ce nata Malam Buba ne, dattijo manomin auduga, ba shi da komai sai sanda da goro a aljihu. Anti, da ta buɗe baki a matsayin Malam Buba, sai ki rantse wata aka canza! Ga raha, ga tsokana, har murya take kaurarawa. Amma ni haushi yake ba ni. Sati guda zan yi ina tsara yaƙi, in zana taswira a bayan tsohuwar kalanda, muna isa ƙofar gari sai Malam Buba ya ce, "Ku dakata mu gaisa tukuna." Ya tambayi mai gadi iyali, ya tambayi damina, ya tambayi ko tsutsa ta taɓa musu auduga. Har dodon da na ajiye a kan gada sai da ya miƙa wa goro ya ce masa ina gajiya. Ina ji ina gani Magariba za ta yi ba a zare takobi ko sau ɗaya ba. Na taɓa ce mata, "Anti Hinde, ba fa zaman gaisuwa muka zo ba." Ta yi murmushi ta ce, "Ai ba ni ba ce, Malama, halinsa ne."

Ranar da abin ya faru, dodon ya kai wa Malam Buba hannu. Na ce in ɗaya ta fito ya mutu, in wata ce ya tsira. Na jefa. Wallahi shida ce ta fito, ina kallonta. Na ɗora hannu a kai na ce, "Ɗaya." Me ya shiga kaina? Wai ni a lissafina Anti Hinde za ta ƙirƙiri wani mai takobi mu ci gaba. Ta ninke takardarta a hankali, ta ƙulle a bakin mayafi, ta ce, "Allah ya jiƙansa." Ta sa takalmi ta fita, ko kunun ayar da na zuba mata ba ta sha ba.

Tana fita Ngozi ta juyo kaina. Ta ce, "Ke da gaske ba ki san waye Malam Buba ba? Mijinta ne fa. A shagona yake sayen magani, sai ya gaishe ni ya gaida na bayana kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Tun ranar farko na gane. Kin taɓa jin na yi ƙorafi?" Ban taɓa ji ba. Safiya ma ashe jin daɗinsa take yi. Ni kaɗai ce ke ƙirga yaƙin da ba a yi ba, alhali matar nan sau ɗaya a sati take samun jin muryar mijinta, ko da daga bakinta ne.

Asabar biyu ba ta zo ba. Shekaranjiya na daure na shiga gidanta da niyyar faɗin gaskiya. Na same ta tana tsintar wake, ta koma shirunta na da. Kafin in buɗe baki ta ce, "Kar ki damu, Malama, ba laifinki ba ne, abin da ya fito kika faɗa. Wancan karon ma a gona ya faɗi, ban samu mun yi sallama ba. Na ɗauka wannan karon zan samu." Sai na fasa faɗin gaskiyar. Na ce mata Allah ya ƙara haƙuri, na taso kamar mutuniyar kirki.

In na dawo da shi cikin labarin da wata dabara, ƙarya ce a kan ƙarya, kuma ta riga ta yi masa addu'a. In na gaya mata shida ce ta fito, za ta san da hannuna na raba ta da shi, don kawai gaisuwarsa ta yi min tsawo. Da wane ido za ta sake kallona a bayan faifan nan? Jibi Asabar, kujerarta na nan ban ɗauke ba. Don girman Allah ku gaya min, me zan yi?