Kujera biyu a jere

Auta,

Na dawo na tarar kana barci, ga shi zan wuce shago. To, ka ji: magana ta ƙare.

Kai ka ce wayarka ta nuna babu kujeru a jere, sai dai innarku ta zauna gaba, ni can baya. Ita kuma ta rantse ba za ta kwana a sama kusa da baƙo ba, gara a fasa zuwa ganin jikan. Sai na ɗauki hulata na tafi wurin mai yankar tikiti. Ya ce, "Baba, ka dawo gobe." Na ce, "Yaro, bencin nan naka yana da daɗin zama." Da ya ga har na cire takalmi na miƙe ƙafa, sai ya buga wa kamfanin jirgin waya. Kujera biyu a jere, tata ta jikin taga, har ƙasar da yayarka take. Alhamdu lillahi!

Tikitin yana ƙarƙashin rediyo. Kada ka kuskura ka riga ni gaya wa innarku. Wannan albishir nawa ne, ni na sha zamansa.

Babanka