Sadakar Bayan Tanti

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara. A gaishe min da Inna, a ce mata autarta tana nan da rai, sai dai ba ta da daɗi.

Direban motar ruwa ya kawo min saƙonki cewa kina son zuwa gandun dajin nan ki kwana a tanti ki ga namun daji. Yaya, me aka yi miki? Ni da aure ya jefo ni nan, kullum hancina a toshe yake. Ki tashi da safe kashin biri a kan tabarmar da kika shanya. Ki buɗe tukunya, ƙudajen da suka gama da mushe su ne baƙinki na farko. Ranar nan maigidan ya kai ni kallon dorina, wai in sha iska. Ƙatuwar banza ta juyo mana baya, ta kaɗa jela, ta watsa kashi har gilashin mota. Baƙi suna ta tafi suna ɗaukar hoto. Ni kuwa amai na yi a cikin gyalena.

Babbar masifata ita ce wata macen gadu, aladen dajin nan mai haure da ƙuraje a fuska. Kullum tana ƙarƙashin igiyar shanyata da 'ya'yanta uku. Sai ta yi birgima a taɓo ta zo ta durƙusa a kan gwiwoyin gaba tana cin ciyawa, shi ya sa na sa mata Mai Durƙuso. Duk gandun nan ita kaɗai ke gaishe ni da ladabi. Idan na kore ta, su ɗaga jela tsaye kamar eriyar rediyo su ruga, an jima su dawo. Tir da wannan halitta.

Idan dai sai kin zo, ki riƙe abu ɗaya. Nan ba a ba dabba abinci, ko loma. Ragowa a durom ɗin ƙarfe ake kulle ta, a ƙone. Dabbar da ta ɗanɗana abincin mutane takan daina tsoron mutane, ranar da ta ji wa wani rauni kuwa harbe ta ake yi, kuma maigidan ne mai riƙe da bindigar wannan sansani. Tun da ya fara aikin nan bai taɓa harbin ko zomo ba, da wannan yake tinƙaho. Ina so ya ci gaba da tinƙahonsa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya ƙalau, Inna tana amsawa, ta ce ki rage mita.

Na karanta takardarki, kuma na ga har yanzu bakin nan naki bai mutu ba. Allah ya ajiye ki a wurin da mutane ke tahowa daga nesa don su gani, ke kuma ba ki ga komai ba sai kashi. Ki riƙa godiya, Auta.

Zuwa dai babu fashi. Ni da ƙawata Mai Gwal za mu taho ƙarshen wata. Na sayi hular rana da takalmin tafiya. Ki gaya wa Mai Kaki, mijin nan naki, ya kafa mana tanti a inda za mu ga giwaye, ban da kusa da banɗaki. Batun dokokinku kuma, ni na goya ki, ba sai kin koya min zama da mutane ko da dabbobi ba.

Ki share ɗakinki kafin in iso.

Yayarki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa gida lafiya, gajiya ta bi lafiya. Kin manta hularki, biri ya riga ni gani, ba za ki so ta yanzu ba.

Na ji daɗin zuwanki, wallahi. Har yanzu ina dariyar ihun da Mai Gwal ta yi da raƙumin dawa ya leƙo ta saman mota. Kin ga giwayenki, kin ga ruwan da ke zubowa daga kan dutse, kin kuma ga ungulaye a cikin cikin ɓauna, kika ce ba za ki sake cin nama ba, kika ci da rana.

Amma akwai maganar da ta hana ni sakat. Tun da kuka tafi Mai Durƙuso ta bar igiyar shanyata. Da farko har na ce alhamdu lillahi. Ashe sansanin baƙi ta koma. Tana bin tanti tanti tana tura hanci, ta kifar da tukunyar wasu, ta yaga buhun wasu. Ranar nan ta tsaya a gaban wani dattijo mai faranti a hannu, ta zuba masa ido tana gurnani, yawu na dalala. Ya buga ƙafa, ko gezau. Dabbar da tari kawai nake yi ta arce!

Shugaban gandun ya kira maigidan, ya ce wani ya ba ta abinci, kuma idan ta taɓa mutum ya san aikinsa. Yanzu bawan Allah ya bar komai, yana yini yana bin ta da gwangwani da duwatsu a ciki, yana kaɗawa yana ihu, ko tsoro zai dawo mata. Mutum da gemunsa. Ya dawo yana warin taɓo da zufa, ya zauna ya kasa cin abinci.

A bayan inda aka kafa tantinku na ga ƙasa a tone, da ƙwayoyin shinkafa a bushe. Yaya, don girman Allah ki gaya min ba ke ba ce.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Mun iso lafiya, sai dai cizon ƙwari da har yanzu nake sosawa.

Ni ce. Kuma ban ga abin ɓoyewa ba. Kin dafa mana abinci kamar za a ciyar da unguwa, ya ragu, kika ce in zuba a durom a ƙone. A ƙone abinci, Auta? A gidan da muka tashi, yaushe kika ga Inna ta zubar da ko ƙanzo? Bayan gida take kaiwa ta ce wani mai rai zai ci, ladan na mai bayarwa ne. Na duba na ga uwa da 'ya'ya uku suna kiwon busasshiyar ciyawa, haƙarƙari a waje. Ƙyamarta nake ji kamar in mutu, amma na toshe hanci na kai mata, safe da yamma, har muka tafi. Ranar ƙarshe ma da ta hango ni da faranti da gudu ta taho. Dabba ma ta san mai alheri.

Ku ne dai kuka mayar da abu kaɗan babba. Shinkafa ce fa, ba guba ba. Ki ce wa Mai Kaki ya kwantar da hankalinsa, za ta manta.

Ga hoto nan na sa a ambulan, Mai Gwal ce ta ɗauka. Dubi yadda ta durƙusa a gabana. Na sa an wanke babba na rataye a falo, duk wanda ya shigo sai ya yi magana.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum.

Ba ta manta ba. Wata baƙuwa ta fito daga tanti da faranti, Mai Durƙuso ta taho da gudu kamar yadda kika koya mata. Matar ta ɗaga farantin sama. Haure ya shige ta a cinya. Tana asibiti, an ce za ta taka.

Maigidan ya yi aikinsa da hantsi. Bai ma yi wahalar nemanta ba, faranti ya riƙa ta zo da kanta. Da ya dawo ya jingine bindigar, ya wanke hannu ya sake wankewa. Ungulaye sun gama da ita kafin la'asar, warin yana shigowa har ɗaki.

Na mayar miki da hotonki. Na duba shi sau ɗaya, kuma ba Mai Durƙuso ce ta tayar min da zuciya ba.

'Ya'yan sun dawo ƙarƙashin igiyar shanyata, su uku, suna durƙuso. Jiya na fito da kwano a hannu, ƙaramin ya ɗago kai ya nufo ni yana kaɗa jela. Na ajiye kwanon na ɗauki dutse na jefe shi, na same shi a haƙarƙari. Ya yi ƙara ya gudu. Na shiga ɗaki na yi kuka. Na tara duwatsu a bakin ƙofa, gobe ma zan jefa.

Ki gaishe da Inna.

Auta