Ina Aka Kai Kekunan Ɗinkin Ɗiyanmu?

Zuwa ga mai girma Daraktan kolejinmu, da shugaban kwamitin iyayen ɗalibai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, ina neman afuwa da na fito da maganar nan fili. Sau uku ina zuwa biro ɗinka, wato ofishinka, Mushe Darakta, sau ukun ana ce mini ka fita.

Sunana Hadiza, ina zaune a unguwar Zariya. Ni ce na yi shekara goma sha ɗaya ina koya wa ƴan mata ɗinki a ɗakin da ke bayan famfon makaranta. Bana kun soke ajin ɗinki da na kafinta, kun ce za a sa kimiyya da darasin ordinate, wato kwamfuta, a madadinsu. Ban ƙi kimiyya ba. Ɗiyata ta fari aikin gwajin jini take a asibiti, kuma ni na tsaya mata har ta gama karatu. Yadda aka bi da abin ne ya tsaya mini a rai.

Na ɗaya, taron da kuke cewa iyaye sun amince a cikinsa. An kira shi ne tsakiyar damina, lokacin da iyayen ɗalibanmu na Jiratawa da Tsibiri suke duƙe a gona. Waɗanda suka zo ba su cika benci huɗu ba, kuma da Faransanci aka yi jawabin daga farko har ƙarshe. An zagaya da takarda aka ce kowa ya sa hannu don a san ya halarta. Ni ma na sa. Yau an ce wannan takardar ita ce shaidar yardarmu. Wa ya tambaye mu ko mun yarda?

Na biyu, kekuna. Guda goma sha biyu na bari a ɗakin kafin hutu. Ba gwamnati ta ba mu su ba, ƙungiyar matan unguwa ce ta saye su ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu masu tuyar ƙosai ne da masu dakau. Da muka dawo na tarar da ɗakin wayam. Aka ce mini an adana su a magaza, ɗakin ajiyar makaranta, makulli kuma yana wajen shugaban kwamiti.

Na yarda, har ranar da na je suna a Tsibiri. Na kai zanena wurin wani tela ya kashe mini bakinsa. Ina tsaye yana taka keken, sai idona ya sauka kan igiyarsa. Igiyar fata ce, ni na sa baduku ya yanka ta lokacin da ta asali ta tsinke. Na roƙe shi ya karkata mini kan keken. Ga lamba bakwai nan a ƙasa, wadda na rubuta da jan farce da hannuna. Telan bai ɓoye mini komai ba: a Maraɗi ya saye shi, wurin wani mai mota da ya zo da kekuna da yawa. Ban ga laifinsa ba. Ban kuma ce wane ya sayar ba, don ban gani da idona ba. Amma keken da ke kulle a magaza, ta ina ya bi ya isa Tsibiri?

Na uku, ajin da aka yi mana alkawari. Wata uku ke nan da komawar yara lakwal bayan hutu. Ordinate ko ɗaya ba ta zo ba, ɗakin ma ba a ja masa wayar kuran ba, balle a ga wutar lantarki. Malamin da aka ɗauka zana na'urar yake a allo, yara suna kwafa a littafi. Me ya sa aka yi gaggawar kwashe abin da ke hannu kafin sabon ya iso? Wa wannan gaggawar ta amfana?

Na huɗu, ɗaliban kansu. Kun fi ni sanin cewa ba kowace yarinya ke cin jarabawar birebe ta gama koleji ba. Rabi, wata tsohuwar ɗalibata ta Jiratawa, sau biyu tana faɗuwa. Yau ita ke ɗinka rigunan makaranta a unguwarsu, ita ke riƙe da mahaifiyarta mai ciwon ido. Ƙanwarta ta shigo bana da ɗokin ta koyi abin da yayarta ta koya. Sai tambaya ta take yaushe za mu fara.

Ga roƙona. A sake kiran taro yanzu da aka gama girbi, a yi shi da Hausa. A bar ɗinki da kafinta ko da yini ɗaya ne a mako, kusa da kimiyyar, don babu wanda ya tare wa wani hanya. Sannan a buɗe magaza. Ranar Litinin da hantsi zan zo tare da matan da suka sayi kekunan nan, mu tsaya a bakin ƙofarta. Ba faɗa zai kawo mu ba. A zo da makulli kawai. Idan muka tarar da goma sha biyu, zan ba ku haƙuri a gaban kowa, da bakina.

Allah Ya ba ku ikon riƙe amanar da ke wuyanku, Ya tsare ku da zuriyarku, Ya shirya mana ɗiyanmu baki ɗaya.

Wassalam.

Malama Hadiza,
unguwar Zariya, Maraɗi.