Ba Zan Tuba Daga Kunun Zaƙi Ba

Zuwa ga Alhaji Bawa,
Shugaban Kwamitin Gyaran Tarbiyya na layinmu,
Tudun Wada, Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta Hajiya Luba da yara, ina yi maka barka da damina. Ni ce Kulu, matar marigayi Malam Isah mai gyaran keke, wadda layin nan ke kira Inna Kulu mai kunu. Ba sai na kwatanta maka gidana ba, tunda mutanenka sun riga sun san hanya.

Na rubuto a fili don a fili aka ɓata ni. Na je ƙofar gidanka aka ce kana barci, na koma aka ce ka tafi Tsafe ta'aziyya. Allah ya jiƙan wanda ya rasu. Sai ga saƙonka ta bakin ladan, wai in zo gaban dattawa in ce na tuba, a rufe magana, a rufa mini asiri. To ga amsa tun daga sama, kada ka wahala da karatu: ba zan zo ba. Amma zan faɗi yadda aka yi, don da yawa sun ji wutsiyar labarin ba su ji kansa ba.

1. Abin da aka gani a gidana.

Malam Nura, sakataren kwamitinku, maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Bana yake ɗora bene. Ya hau duba magina, sai idonsa ya bar ginin ya faɗo tsakar gidana. Ya ga igiyoyi na ɗaure daga katanga zuwa rumfa, wani ganye ya haye su ya rufe ruf. Ya ga buhunan algarara jiƙaƙƙu a inuwa da dawa ta tsiro a kansu. Ya ga manyan tukwane. Ya zaro waya ya ɗauki hoto.

An ce dama ya taɓa gani a waya yadda Turawa ke shuka wani ganye a bayan gidajensu, mai hawan igiya, su tsinki 'ya'yansa su zuba a giya don ta yi ɗaci. Can ya ga igiya, nan ma ya ga igiya, shi ke nan shari'a ta ƙare. Ni ban taɓa ganin ganyen nasu ba, ban san sunansa ba, kuma ba na marmarin sani. Na dai san kama da wane ba wane ba ne.

Ina da tambaya, ranka ya daɗe. Kwamitin da ke gyaran tarbiyya, wace tarbiyya ce ta ba namiji damar leƙa tsakar gidan mace daga sama har da ɗaukar hoto? A wurin nake wanki, a wurin nake shan iska ba mayafi. Wannan bai dame ku ba, ganye ne ya dame ku.

2. Ganyen nan garahuni ne.

Garahuni, Alhaji, wanda ke bin dangar kowace gona daga nan har Bungudu. Irinsa daga gidan innata na zo da shi, can Kwatarkwashi, ƙulle a bakin zane, shekarar da mijina Malam Isah ya samu filin nan ko ɗaki ba mu gama rufawa ba. Na ɗaura masa igiya ne don in aka bar shi ƙasa awaki tattake shi suke, kuma yana yi mini inuwa wurin girki.

Kafin ka saurari Malam Nura, ai da ka shiga ɗaki ka tambayi Hajiya Luba. Duk jegon da ta yi, daga igiyar nan aka tsinko mata ganye aka sa mata a fate. Duk yayen da ta yi, daga nan aka ɗebo abin da ta shafa yaro ya ji ɗaci ya haƙura. Ba ita kaɗai ba. Babu gidan da ke layin nan da bai taɓa aiko kwano ba, kuma ban taɓa karɓar ko sisi a kan garahuni ba, ban kuma taɓa yi wa kowa gori ba sai yau da aka matsa mini.

Kuma bai taɓa shiga tukunyar kununa ba. Haba Alhaji, wa zai ba da kuɗinsa ya sayi kunun zaƙi mai ɗaci?

3. Tsiron dawa.

Nan zan faɗi abin da wasu suka ce in ɓoye. Eh, ina tsirar da dawa. Eh, na ji ana cewa masu dafa burukutu ma da tsiro suke farawa. Sai me? Wuƙar da ke yanka ragon layya ita ce ɓarawo ke riƙewa, ban ga kun bi gida gida kuna kwashe wuƙaƙe ba.

Ina jiƙa dawa, in tsame, in shimfiɗa kan buhu in rufe, ina yayyafa ruwa safe da yamma har ta fito da baki. In shanya, in kai niƙa da citta da kanumfari da masoro da busasshen dankali. In na dama gasarar gero da tafasasshen ruwa ta ɗan huce, sai in zuba tsiron, kunu ya tsinke ya yi zaƙinsa na Allah ba sai an loda masa sukari ba. Ya kwana, da safe in tace. Haka innata ta yi, haka kakata ta yi. Kuma akwai dokar da aka ɗora mini tun ina tsugunne gefen murhu: kunun da aka tace yau ba ya ganin gobe. Abin da bai ƙare ba kafin magariba na awaki ne da maƙwabta. Masu sayen kununa sun sani, sau nawa suka zo da yamma na ce babu alhali suna ganin saura a roba.

Duk wannan tambaya ɗaya ce da ta warware shi. Ba wanda ya yi ta.

4. Ranar Laraba.

Da hantsi ina gidan niƙa, maza suka shiga gidana da adduna, Malam Nura a gaba. Rubutun "ba a shiga" yana nan a zaure tun Malam Isah na da rai, da hannunsa ya rubuta. Ɗiyata Asabe, wadda ta zo wankan jego, tana zaune tana shayarwa, ko mayafi ba ta samu ja ba. Suka sassare igiyoyin, suka tumɓuke garahunin, suka haɗa da suren da nake yin soɓo da shi, wanda ko a wayar Malam Nura ba shi da laifi. Suka kwashe buhunan tsiro wai shaida. Suka fasa randar da innata ta ba ni, wai suna shinshinawa.

Na dawo da ƙullu a kai na iske gidana kamar an yi sussuka. Ban yi kuka a gabansu ba. Sai da na ga Asabe na tsince tsingaron randar nan tana tarawa a faranti kamar za ta haɗu, sannan na shiga ɗaki na yi mai isata.

Ina shaidar take yanzu? Na ji an ce kajin gidan wani ɗan kwamiti sun yi ƙiba. Allah ya sa musu albarka.

5. Sanarwa, da tukunyar Juma'a.

A ranar bayan magariba ka karɓi lasifikar masallaci ka ce an kama wata mata a layin nan da kayan haɗa giya. Ba ka faɗi suna ba, an ce wai don sutura. Wace sutura? Mata nawa ne ke dafa abin sha a layin nan? Washegari na fitar da robobi ƙofar gida, masu kabu-kabun da ke tsayawa kullum suka wuce suna kallon gabansu. Masu aiko yara da jug suka daina. A wurin suna na shiga, sai wata mata ta ce ai ruwa ba ya tsami banza, da murya daidai yadda zan ji. Yara sun fara kirana da wani suna da ba zan rubuta shi a takardar nan ba.

Ciniki ya tafi, wannan na bar wa Allah, shi ke ciyarwa. Wanda ba zan bari ba shi ne na Juma'a.

Tun da Malam ya rasu, duk Juma'a ina kai tukunyar kunu ƙofar masallaci sadaka, Allah ya kai ladan kabarinsa. Bai bar mini gona ba, bai bar shago ba, ni ma ba ni da saniyar yankawa. Wannan tukunyar ita ce kawai abin da nake iya aika wa mutumin da na zauna da shi tun ƙuruciya bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Ko ina zazzaɓi ban fasa ba. Juma'ar da ta biyo, aka dawo mini da ita cike, marfin ko ɗagawa ba a yi ba. Ladan ne ya ajiye ta a zaure, bai iya kallon idona ba, ya ce umarni ne daga gare ka.

Alhaji, sadakar mamaci ka mayar. Wallahi wannan ya fi fasa randa ciwo, ya fi sunan da yara ke kirana ciwo. Malam Isah ne ya liƙe maka tayar keke lokacin da keken ne kawai abin hawanka. Me ya yi maka?

6. Maganar tuba.

Dattawa sun zo sun ba ni baki. Sun ce kalma biyu ce, in faɗa a wuce wurin. Sun ce kai babba ne, ba a sa babba ya janye magana. Na gode musu, na kuma ba su ruwa, tunda kunu sun ji tsoron sha.

Kullum ina tuba ga Allah, laifina tsakanina da shi ba ya ƙirguwa. Amma wanda ya ce na tuba a gaban kwamiti ya ce na aikata ke nan. In na faɗa yau, gobe jikan nan da ke hannun Asabe zai tashi a ce kakarsa ce ta dafa giya ta tuba. Kuma duk kunun da na kai masallaci shekara da shekaru ya zama me? Kai ma fa ka sha. A sunan kowane ɗa naka kununa aka raba, da azumi kai ke fara miƙo kofi. In giya ce, to mu taru mu tuba da kai, kai a gaba.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake ba.

Na farko, a lasifikar da aka ɓata ni, a lokacin da aka ɓata ni, ka faɗa wa jama'a cewa an bincika, garahuni ne da tsiron kunu. Wannan karon ka faɗi sunana, na yarda.

Na biyu, Malam Nura ya goge hoton tsakar gidana a gaban shaidu, ya kuma toshe tagar benensa da ke kallon madafata.

Na uku, duk ranar da kwamiti ya sake zargin wata mace, a tura mata biyu masu hankali su yi sallama su tambaya. Matanku sun san abin da ke cikin tukunya.

Randa kuwa na yafe, ba ku da irinta da za ku biya.

Ina kuma sanar da kai, don kada a sake wahalar hawa bene: na sake jiƙa dawa, ta tsiro. Garahunin ma, da suka sare shi nunannun 'ya'yan sun fashe sun watsu, ruwan makon jiya ya fito da su ko'ina har bakin rijiya. Na sayo sabuwar igiya na ɗaure.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya shirya maka zuri'a, ya sa ka gama shugabancin nan ba da hakkin kowa a wuyanka ba. Allah ya tsare Hajiya Luba da 'ya'yanka mata daga ranar da za a yanke musu hukunci ba a tambaye su ba.

Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, ba zan aiko kowa ba. Ni da kaina zan ɗauko tukunyar Malam in ajiye a ƙofar masallaci inda ta saba zama, in shimfiɗa tabarma gefe in zauna da ludayi. Ba zan tashi ba sai an sallame kowa ya fito. In kana da hujja, ka tsaya a gaban jama'a ka faɗe ta ina ji. In ba ka da ita, kofin farko naka ne.

Wassalam.

Kulu, matar marigayi Malam Isah,
mai kunun zaƙi,
Tudun Wada, Gusau.