Jan Allo a Hong Kong

Ɗiyata Shulan,

Ina gaisuwa. Ya mamanki da ciwon gwiwa? Kakarki tana cin abinci? Ni lafiya lau, ina nan ina sharar ofis da taƙama kamar minista.

Kin san da kuɗin rufin gidanmu na sayi hannun jarin kamfanin da nake wa aiki, masu juya wa attajirai dukiya. Jiya Malam Fung, mai lissafinsu, ya zaunar da ni. Ya ce, "Tsoho Lo, ba a auna kamfani da ribar bana. Tara ribar shekara goma, ka cire abin da tsadar kaya ta cinye, ka raba goma. Farashin da ka biya ya ninka wannan sau arba'in."

Na ce ni a aji huɗu na tsaya, amma kullum allon farashi ja ne, ai alheri ke nan. Sai ya warware mini. Ashe a nan ja faɗuwa ce, ba kamar gida ba, inda ja ke nufin tashi. Mako uku ina murna.

Yau teburinsa wayam, har kofin shayinsa ya tafi; da alama ya bar kamfanin.

Kada ki gaya wa mamanki tukuna. Ki dai ce kada ta ba da aron bokitanmu, damina ta matso. Albarka ta bi ki.

Babanki mai ilimi,
Lo Deming