Fuskar Manu a Kan Kati

Funtuwa, 9 ga Maris, 1982

Zuwa ga ɗan'uwana Sikiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Folake da yara. Yaya ƙarfin jikin Baba? Yaya Ilori? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Matata Nana tana gaishe ku.

Sikiru, shekara ashirin da ɗaya ke nan tun da Baba ya fara sa hannuna cikin ruwan wankin hoto, shekara shida tun da ya bar mini shagon kuka koma gida, amma ban taɓa ganin abin da nake gani yanzu ba. Duk hoton da na wanke sai ya fito kamar an yayyafa masa toka. Baƙin ba ya kamawa, farin ba ya haske. Fuska da riga da labulen baya duk sai su taru su zama launi ɗaya. Abin ya faro a hankali tun bara, yanzu ya kai ni bango.

Na zubar da ruwan wanki na haɗa sabo. Na bar ruwan famfo na koma na rijiya, ina tacewa da ƙyalle. Na hau mota har Zariya na sayo sabon kwalin katin hoto, mai lamba huɗu, wanda Baba yake cewa shi ne ke fitar da baƙi. Na kwance gilashin injin da ke haska hoto a kan kati na goge shi, na toshe ƙasan ƙofar ɗakin duhu da tsumma, na canza jar fitila. A da in na kunna inji ƙirga takwas nake yi in kashe. Yanzu sai na kai ashirin da biyar kafin in ga abin da zan iya miƙa wa mutum ba tare da kunya ba.

Abin da ya sa na kasa haƙuri shi ne wani aiki da ke hannuna. Wata dattijuwa ce ta zo daga Maska, Tsohuwa suke ce mata tun tana yarinya. Ɗanta Manu ya rasu a kakar da ta wuce, motar auduga ta kife da shi a hanyar shigowa gari. Bara na ɗauke shi fasfo na katin ƙungiyar manoma, katin kuma ya salwanta a wurin hatsarin. Ya bar 'ya mace, Mairo, shekararta biyu. Tsohuwa ta ce so take a yi mata babban hotonsa ta rataya, don yarinyar ta tashi ta san kamannin ubanta. Na binciko nagatif ɗin, wato fim ɗin da na ɗauke shi a kai, yana nan lafiya. Sau shida na wanke shi, biyar na watsar.

Ga wani hoto nan na sa maka cikin ambulan, na wani malamin makaranta, shi ne mafi dama-dama a cikin na wannan mako. Ka duba, ka nuna wa Baba in jikinsa ya bari, ku gaya mini inda nake kuskure.

Ka gaida mutanen gida duka.

Naka,
Maharazu

Funtuwa, 2 ga Afrilu, 1982

Ɗan'uwana Sikiru,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku, kuma ba zan ɓoye maka ba, da farko raina ya ɓaci. Ka ce hoton malamin ba fari-fari ya yi ba, baƙi ƙirin ne, ba a ganin komai sai hula da haƙora. Ka ce in koma ƙirga takwas. Ka kuma tambaye ni me ya sa rubutuna ya yi manya-manya haka. Na ɗauka tsokanarka ce ta tun muna yara, na ajiye takardar.

Da na ji maganarka, da ban yi abin da na yi ba.

Ranar Litinin Tsohuwa ta dawo karɓar aikinta. Na naɗe shi cikin takarda mai kyau na miƙa mata. Ta fita bakin ƙofa inda akwai haske, ta buɗe, ta daɗe tana kallo. Sai ta dawo ta ajiye mini shi a kan tebur a hankali, ta ce, "Malam, ko ka saɓa ne da na wani? Wannan ba shi da fuska." Na ce mata shi ne, ta sake dubawa. Ta girgiza kai ta ce ɗanta yana da tabo a girar hagu inda saniya ta taɓa tunkuyinsa, kuma ko a cikin taron kasuwa ba ya ɓace mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce za ta dawo in na samo na gaskiyar.

Bayan ta tafi na zauna ina tunani. Na ce tunda ba ruwa ba ne, ba kati ba ne, ba inji ba ne, to nagatif ɗin ne ya yi rauni. Ka tuna kwalbar nan mai ruwan ƙasa da Baba yake ajiyewa a saman kanta, wadda yake ƙara wa raunanan nagatif ƙarfi da ita? Tana nan tun tafiyarku, ban taɓa buɗe ta ba. Na sauko da ita, na zuba a faranti, na tsoma nagatif ɗin Manu. Na ga bai canza ba a idona, sai na bar shi ya ƙara jimawa. Da na sa yatsa zan ɗago shi, sai na ji santsi. Fuskar ta saɓule daga jikin fim ɗin kamar fatar tumatir da aka zuba wa ruwan zafi. Abin da ya rage a hannuna leda ce kawai, fara tas.

Sikiru, na tsaya riƙe da ita ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Har aka kira la'asar ina nan. Mutumin nan sau ɗaya aka taɓa ɗaukarsa hoto a duniya, ni na ɗauke shi, ni kuma na shafe shi. Kwana huɗu ke nan ban buɗe shago ba. Ban gaya wa kowa ba sai kai. Ban san da bakin da zan gaya wa matar nan ba.

Ka sa ni a addu'a.

Naka,
Maharazu

Funtuwa, 21 ga Afrilu, 1982

Ɗan'uwana Sikiru,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafararka a kan fushin da na yi da kai. Yaya Folake da yara? Ka faɗa wa Baba ina duba shi.

Kai ne da gaskiya. Ba hotunan ba ne.

Nana ce ta matsa mini da tambaya da ta ga na daina cin abinci, har na gaya mata komai. Sai ta shiga ɗaki ta jawo wata kwalla daga ƙarƙashin gado. Ka san katunan da suka lalace nakan ɗaure su in kawo mata gida ta riƙa hura wuta da su. Ashe tun bara take ware wasu tana ɓoyewa. Ta ce hannunta ba ya iya sa fuskar mutum a murhu in ta fito sarai tana kallonta. Ita a zatonta masu su ne suka ƙi zuwa karɓa. Kwallar cike take, sun fi ɗari.

Ta zazzage su a tabarma tsakar gida, da hantsi. Ta ɗauko ɗaya ta ce in gaya mata aibinsa. Na ce toka-toka ne, ba baƙi ba fari. Ta ce ita tana ganin zaren aikin da ke wuyan rigar mutumin ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauko wanda Tsohuwa ta mayar mini, na ce wannan ne mai kyau. Ta dube ni. Sai ta nuna zanen da ke shanye a igiya ta ce wane launi ne. Na ce ruwan ƙasa. Shuɗi ne, ni na saya mata shi da sallah.

Daga nan ta fara lissafo mini abubuwan da ta yi shiru a kansu. Ranar da na wuce yayanta Ɗanjuma a bakin kasuwa ban gaishe shi ba, har ya yi zaton gaba nake da shi. Ranar da na kusa hawa kan amalanke da babur a hanyar Dandume na ce rana ce ta kashe mini ido. Yadda nake kai takarda har hancina in zan karanta. Ina zaune ina jin ta, sai na gane. Ni ina ta zargin ruwa da kati da fitila, har na je Zariya na yi wa mai kanti faɗa, ashe tokar a cikin idona take. Saitin kyamara da na inji hannuna ya riga ya haddace su, shi ya sa nagatif ke fita daidai. Inda ido ke yanke hukunci, nan nake ɓatawa. Na kirkin nake zubarwa, ɓatattun nake ba mutane.

Ɗanjuma ya raka ni asibitin ido a Kaduna. Likita ya ce yanar ido ce a idanuna duka biyun, ta dama ta fi nuna. Ya ce tana zuwa ne a hankali, shi ya sa mai ita ba ya ankara. Za su yi mini aiki a na dama cikin watan gobe. Ina jin tsoro, ba zan yi maka ƙarya ba.

Abu ɗaya ne ya sa na iya barci. A cikin kwallar nan Nana ta samo Manu. Na farkon da na wanke ne, wanda na yi wa ƙirga takwas na jefar. Sauran huɗun sun tafi murhu. Ta ce tabon yana nan a girar hagu. Ni ban gan shi ba, amma na yarda da ita.

Naka,
Maharazu

Funtuwa, 16 ga Agusta, 1982

Ɗan'uwana Sikiru,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, yaya damina? Mu nan ruwa ya yi albarka, masara ta yi goyo. Na gode da saƙon da ka aiko ta hannun direba, Nana ma tana godiya. Ka ga rubutuna ya koma yadda ka san shi.

An yi aikin lafiya. Sun ba ni tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, yara a unguwa har dariya suke. Ranar da aka kwance bandeji farin rigar likita sai da ya sa ni hawaye don haske. Amma abin da ya girgiza ni yana bakin shagona. Ka san allon gilashin da muke jera hotuna don masu wucewa. Na tsaya gabansa ranar da na dawo, na ga abin da na yi shekara guda ina nuna wa garin Funtuwa a matsayin gwanintata. Huluna, haƙora, fararen idanu, sauran duk gawayi. Na zauna a kan dakali ina kallonsu.

Da na sami ƙarfi na kafa hoton Manu da Nana ta samo a bango, na sake ɗaukarsa da kyamara, na sami sabon nagatif. Likita ya ce kada in yarda da ido ɗaya tukuna, saboda haka Nana ce ke shiga ɗakin duhu tare da ni yanzu. Ni ke ƙirga, ita ke tsaye kan faranti ta ce in cire. Ba ta taɓa kuskure ba.

Ranar Juma'a Ɗanjuma ya goya ni a babur muka kai wa Tsohuwa har Maska. Na gaya mata gaskiyar duk abin da ya faru, har da nagatif ɗin da na narkar. Ta karɓa ta buɗe a bakin zaure. Ta sa ɗan yatsa a kan girar. Sai ta kira Mairo ta ɗora ta a cinya ta ce, "Ga babanki." Yarinyar ta kai hannu za ta kama hular.

Ina shirin tashi maƙwabta suka fara fitowa, kowa da abu a hannu. Hotunan da na yi musu ne bara, na suna, na kati, na tafiya aikin hajji. Mutum goma sha bakwai a unguwa ɗaya. Na tambayi wani dattijo, Malam Ɗanasabe, me ya hana su dawo mini da su tun lokacin. Ya ce sun ga ina miƙo musu da fara'a ina cewa ya yi kyau, kuma ni ne mai sana'ar, sai suka ɗauka haka hoton zamani yake. Na rubuta sunayensu duka. Nagatif ɗinsu suna nan, zan sake wa kowa nasa. Daga nan sai Dandume da Dayi.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan takarda tun ban huta ba. A kan hanyar dawowa wani abu ya faɗo mini. Shekarar ƙarshe ta Baba a shago, kullum faɗa yake da kamfanin kati, yana cewa sun lalata kayansu, baƙi ba ya kamawa. Ni da kai muna ganin hotunan lafiya lau, muna ƙus-ƙus muna cewa tsufa ne ya sa shi mita. Rana ɗaya ya miƙa mini mabuɗi ya ce sana'ar ta mutu. Kai kuma ka rubuto mini cewa yanzu ba ya fita ko masallaci sai an riƙe masa hannu, kuna cewa ƙafa ce.

Sikiru, kada ka tambaye shi, zai ce yana gani sarai, ni ma haka na ce. Ka nuna masa zane ka tambaye shi launinsa. In ya faɗi wani abu dabam, ka sa shi a mota ku taho. Na riga na yi wa likitan maganarsa, kuma Nana ta share masa ɗaki.

Ka gaida Folake da yara. Ina sauraron amsarka.

Ɗan'uwanka,
Maharazu